Gasar Asibitoci da Tsadar Jinya: Hanyoyin da Jihohin Kalifoniya da Meriland Suka Bi

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa idan masu sayar da haja iri ɗaya suka yi yawa a kasuwa, farashi yakan sauko. Mai sayen hatsi in ya taya nan aka ce masa albarka, sai ya matsa rumfa ta gaba, kuma tsoron kada ya matsa ɗin shi yake hana ɗan kasuwa tsawwalawa. A bisa wannan fahimta, sai a zaci garin da yake da asibitoci goma zai fi garin da yake da asibiti ɗaya arahar jinya. To, amma a shekarar 1987 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, James Robinson da Harold Luft, sun fitar da sakamakon binciken da suka gudanar a kan asibitoci fiye da 5,700 na ƙasar Amurka, inda suka tarar da akasin haka. Bisa alƙaluman shekarar 1982, asibitin da yake da abokan gasa fiye da 10 a tazarar kilomita 24, abin da yake kashewa a kan kowane majinyacin da ya kwantar ya ɗara na asibitin da ba shi da maƙwabci da kashi 26 cikin ɗari.

Wannan al'amari ba ƙarami ba ne. A shekarar 2023 Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan kiwon lafiya, wato kashi 17.6 cikin ɗari na dukkan arzikin da ƙasar ta samar a wannan shekara, alhali a 1960 kashi 5 ne kacal. Kusan sulusin wannan kuɗi asibitoci ne suka karɓe shi. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa gasa tsakanin asibitoci takan sauke farashi a wani yanayi, ta kuma ɗaga shi a wani, ta hanyar duba jihohi biyu da suka bi hanyoyi masu karo da juna: Kalifoniya, wadda ta saki ciniki, da Meriland, wadda ta ƙayyade farashi.

Abin da ya bambanta jinya da sauran haja

Tun a 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel, ya nuna cewa jinya ba ta bin ƙa'idojin kasuwa da aka saba da su. Mai sayen hatsi ya san abin da yake so, yana iya ɗiba ya duba, yana kuma iya fasawa ya dawo ran kasuwa mai zuwa. Shi kuwa majinyaci bai san ranar da ciwo zai kama shi ba, bai san irin maganin da ya dace da shi ba, kuma wanda zai gaya masa abin da yake bukata shi ne dai wanda zai sayar masa. Mutumin da ciwon zuciya ya kayar da shi cikin dare ba ya zagaya gari yana tambayar farashi.

Bugu da ƙari, a Amurka yawanci ba majinyaci ne yake biyan kuɗin asibiti daga aljihunsa ba. Mafi yawan ma'aikata suna da inshorar lafiya ta hannun wuraren aikinsu. A 1965 kuma Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa shirye-shirye biyu: Medicare, wanda gwamnatin tarayya take biya wa masu shekaru 65 zuwa sama kuɗin jinya, da Medicaid, wanda tarayya da jihohi suke haɗa kuɗi su biya wa marasa galihu. Ke nan mutum uku ne a cikin cinikin: likita yana zaɓa, majinyaci yana amfana, wani na dabam yana biya.

Dalilin da ya sa jihohi suka shiga maganar shi ne, a tsarin mulkin Amurka, su ne suke ba asibitoci da likitoci izinin aiki, su suke sa ido a kan kamfanonin inshora, kuma kason da suke biya na Medicaid yana daga cikin manyan abubuwan da suke cinye kasafin kuɗinsu. Saboda haka kowace jiha ta nemi tata mafitar, ƙasar ta zama tamkar ɗakin gwaje-gwaje mai tebura 50, kowane da gwajin da ake yi a kansa.

Gasar kayan aiki

Kafin farkon shekarun 1980, hanyar da ake biyan asibiti mai sauƙi ce: abin da ya kashe shi za a mayar masa, muddin bai wuce hankali ba. Asibitin da ya yi tsimi bai ƙaru da komai ba, wanda ya yi facaka kuma bai rasa komai ba. Tun da majinyaci ba ya duba farashi, kuma likita ne yake zaɓar inda za a kwantar da shi, sai asibitoci suka koma neman zuciyar likitoci. Wannan ya sayi na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, na kusa da shi ma ya saya. Wancan ya buɗe sashen tiyatar zuciya, maƙwabcinsa ma ya buɗe, ko da kuwa masu bukatar wannan tiyata a garin ba su isa su cika sashe ɗaya ba.

Masana ilmin halittu sun san irin wannan gasa a cikin kurmi. Kowace bishiya tana ƙara tsawo domin kada ta kusa da ita ta tare mata rana. Daga ƙarshe dukkansu sun zuba ƙarfinsu wajen gina dogon gangar jiki, alhali hasken da yake sauka a kan kurmin bai ƙaru ba. Babu bishiyar da za ta iya dainawa ita kaɗai, domin inuwa za ta kashe ta. Haka asibitocin suka kasance, kuma wannan shi ne bayanin abin da Robinson da Luft suka gani: inda abokan gasa suka fi yawa, nan aka fi tara kayan aiki masu tsada da ma'aikata, mai biya kuwa ya ɗauki nauyin.

Akwai kuma abin da Milton Roemer, wani likita masanin kiwon lafiyar jama'a, ya lura da shi tun wajen 1959 zuwa 1961, cewa a inda mutane suke da inshora, duk gadon da aka ƙara a asibiti ba ya rasa mai kwanciya a kai. Wato samuwar gadon ita kanta tana jawo a kwantar da wanda da za a iya yi masa magani ya koma gida.

Matakin farko da jihohi suka ɗauka shi ne hana gini barkatai. A 1964 jihar Niyok ta kafa dokar da ta wajabta wa duk mai son gina asibiti ko faɗaɗa shi ya fara samun takardar shaidar cewa jama'a suna bukatar hakan. A 1974 gwamnatin tarayya ta matsa wa sauran jihohi lamba su bi sahu, kusan dukkansu kuma suka bi. Sai dai bincike bai nuna cewa wannan doka ta rage kashe kuɗi yadda aka yi fata ba, ga shi kuma tsofaffin asibitoci sun mayar da ita garkuwar hana sababbi shigowa. A 1986 tarayya ta janye hannunta, wasu jihohi suka soke dokar, wasu fiye da 30 suka ci gaba da riƙe wani ɓangare nata.

Hanyar Kalifoniya: a saki ciniki

A 1982 jihar Kalifoniya ta shiga matsin kuɗi, shirinta na jinyar marasa galihu, wanda ake kira Medi-Cal, yana ta haɗiye kasafi. A wannan shekara majalisar jihar ta zartar da dokoki biyu, Gwamna Jerry Brown ya sa musu hannu. Ta farko ta ba gwamnati ikon ta daina biyan kowane asibiti abin da ya kashe, ta kira asibitocin kowane yanki su kawo farashinsu na kwana ɗaya a asirce, ta ƙulla yarjejeniya da waɗanda ta ga dama, ta bar sauran. An naɗa William Guy, tsohon shugaban wani babban kamfanin inshora, ya jagoranci wannan ciniki a shekarar farko. Doka ta biyu ta ba kamfanonin inshora masu zaman kansu irin wannan dama, wato su zaɓi wasu asibitoci da suka yi musu rangwame, su karkata masu inshorarsu zuwa can.

Abin da ya sauya a nan shi ne mai saye. A da majinyaci ne da likitansa, waɗanda ba ruwansu da farashi. Yanzu kuwa kamfani ne mai dubban mutane a hannunsa, wanda ya san farashin kowane asibiti, yake kuma iya matsawa rumfa ta gaba. A shekara mai bi, wato 1983, shirin Medicare ma ya daina mayar wa asibitoci abin da suka kashe, ya koma biyan ƙayyadadden kuɗi gwargwadon rukunin ciwon da aka kwantar da mutum dominsa, bisa wani tsari na rukunoni kusan 470 da Robert Fetter da John Thompson suka ƙirƙiro a Jami'ar Yale.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1988 Jack Zwanziger da Glenn Melnick suka nuna cewa bayan 1982 al'amarin ya juya a Kalifoniya: asibitocin da suke cikin yankuna masu yawan abokan gasa su ne hauhawar kuɗinsu ta fi lafawa. Daga bisani, a shekarar 2000, Daniel Kessler da Mark McClellan suka duba tsofaffin da suka kamu da bugun zuciya a faɗin ƙasar, suka tarar cewa daga 1990 zuwa gaba, yankunan da gasa ta fi ƙarfi sun fi ƙarancin kashe kuɗi, sun kuma fi ƙarancin mace-mace. Asibitocin dai su ne na jiya. Abin da ake gasa a kansa ne ya tashi daga tara na'urori ya koma farashi.

Yadda gasa ta cinye kanta

A 1934 wani masanin halittu ɗan Rasha, Georgy Gause, ya zuba jinsi biyu na ƙananan halittun ruwa da ake kira faramisiyam a cikin kwalba ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya. Kowane jinsi in an raba shi yana rayuwa lafiya, amma da aka haɗa su, cikin 'yan makonni ɗaya ya ƙare, ɗaya ya mallake kwalbar. Darasin shi ne gasa ba aba ce mai dawwama da kanta ba, tana iya kai wa ga ƙarewar masu yin ta. Asibitoci kuwa suna da wata dabara da faramisiyam ba shi da ita: maimakon su jira ɗaya ya mutu, suna iya haɗewa su zama abu guda.

Ƙarfin kamfanin inshora a wajen ciniki ya dogara ne kacokan a kan iya cewa zai koma wani asibitin. In asibitocin gari suka koma ƙarƙashin uwa ɗaya, wannan barazana ta faɗi. Saboda haka tun daga shekarun 1990 aka shiga haɗe-haɗen asibitoci babu ƙaƙƙautawa, hukumomin hana babakere kuma suka yi ta shan kaye a kotu idan sun nemi hanawa. Alal misali, a 1999 babban lauyan gwamnatin Kalifoniya ya kai ƙara domin hana rukunin asibitocin Sutter, mai asibitin Alta Bates a garin Bakli, sayen asibitin Summit da ke Oklan, tazarar 'yan kilomitoci kaɗan. Kotu ta ƙi hanawa. Wani bincike da masanin Hukumar Ciniki ta Tarayya ya yi daga baya ya nuna cewa farashin Summit ya yi tashin da yake cikin mafi girma a jihar a wannan lokaci.

A 2018 gwamnatin jihar ta sake maka Sutter a kotu, bisa zargin cewa yana tilasta wa kamfanonin inshora ko dai su ɗauki dukkan asibitocinsa ko kuma su rasa duka, har da waɗanda suke yankunan da babu wani asibiti sai nasa. A ƙarshen 2019 aka yi sulhu: Sutter ya yarda ya biya dala miliyan 575, ya kuma daina irin wannan sharaɗi, ba tare da ya amsa laifi ba.

Ba Kalifoniya kaɗai abin ya shafa ba. A 2019 Zack Cooper da abokan aikinsa suka fitar da nazarin takardun biyan kuɗi na miliyoyin masu inshora a faɗin ƙasar. Sun gano cewa asibitin da yake shi kaɗai a yankinsa farashinsa ya ɗara na wanda yake da abokan gasa huɗu ko fiye da kashi 12 cikin ɗari, kuma idan asibitoci biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 8 ba suka haɗe, farashi yakan ƙaru da fiye da kashi 6 cikin ɗari. Masu haɗewa sukan ce ingancin jinya zai ƙaru, amma wani bincike da aka buga a 2020 bai sami wani canji na a zo a gani ba a yawan mace-mace ko yawan komawa asibiti bayan sallama, illa ma majinyata sun ɗan rage yabon kulawar da suke samu. Cibiyar bincike ta RAND kuma ta ƙiyasta cewa a 2022 inshora mai zaman kanta ta biya asibitoci kashi 254 cikin ɗari na abin da Medicare zai biya a kan aiki iri ɗaya, wato ninki biyu da rabi.

Hanyar Meriland: farashi ɗaya ga kowa

Meriland ƙaramar jiha ce a gabashin ƙasar, mai maƙwabtaka da birnin Washintan, mai mutane kimanin miliyan 6, kuma a babban birninta na kasuwanci, Baltimo, asibitin Johns Hopkins yake. Ita tun kafin Kalifoniya ta ɗauki tata hanyar. A 1971 majalisarta ta kafa hukuma mai zaman kanta ta mutum 7, waɗanda gwamna yake naɗawa, aka ɗora mata aikin bin diddigin abin da kowane asibiti yake kashewa da yanke masa farashi. Ƙungiyar asibitocin jihar da kanta ta goyi bayan dokar, domin asibitocin cikin birni da suke jinyar matalauta da yawa suna gab da durƙushewa. Hukumar ta fara yanke farashi a 1974, a 1977 kuma gwamnatin tarayya ta amince Medicare da Medicaid su ma su riƙa biyan farashin da hukumar ta yanke, bisa sharaɗin kada abin da Medicare yake biya a kan kowace kwanciya ya riƙa hauhawa fiye da na sauran ƙasar.

Ma'anar wannan tsari ita ce, farashin wani asibiti yana iya bambanta da na wani, amma a cikin asibiti ɗaya kusan kuɗi ɗaya kowa zai biya, ko gwamnati ce, ko kamfanin inshora, ko mai biya daga aljihunsa. An kuma cusa kuɗin jinyar waɗanda ba su iya biya a cikin farashin, aka raba nauyin a kan dukkan masu biya, don haka asibiti ba shi da dalilin gudun talaka. Haɗewa kuwa ba ta ba asibiti ikon ƙara farashi, tun da ba shi yake yankewa ba.

Robert Murray, wanda ya daɗe yana shugabantar ma'aikatan hukumar, ya bayyana a 2009 cewa a 1976 kuɗin kwanciya ɗaya a Meriland ya ɗara matsakaicin na ƙasa da kashi 26 cikin ɗari, amma ya zuwa 2007 ya koma ƙasa da shi da kashi 2 cikin ɗari. Wasu jihohi, irin su Niyok da Niyu Jasi da Masacuset, sun gwada makamancin wannan tsari, amma duk sun watsar da shi a shekarun 1990, lokacin da ake ganin ciniki da kamfanonin inshora zai wadatar. Meriland ce kaɗai ta riƙe shi cikakke.

Duk da haka tsarin yana da ɓaraka. Kuɗin da asibiti yake samu shi ne farashi sau yawan aiki. An ɗaure farashi, amma an bar yawan aiki a sake. Bayan shekarar 2000, da hukumar ta sassauta ƙa'idar da take rage wa asibiti riba a kan ƙarin kwanciya, sai yawan kwantar da mutane ya riƙa ƙaruwa a jihar fiye da sauran ƙasar. Abin da Roemer ya faɗa shekaru 40 da suka gabata ya sake tabbata.

Kasafin shekara

Domin toshe wannan ɓaraka, jihar ta fara wani gwaji a wasu asibitocin karkara a 2010, sannan a 2014 ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da gwamnatin tarayya wadda ta game dukkan manyan asibitocinta. A sabon tsarin, tun farkon shekara ake yanke wa kowane asibiti jimillar kuɗin da zai samu, ana la'akari da yawan jama'ar yankinsa da hauhawar farashin kaya da ingancin aikinsa. A ƙaddara an yanke wa asibiti dala miliyan 100. In ya kwantar da mutane fiye da yadda aka zata, tilas ya rage farashin kowane aiki domin kada ya zarce wannan adadi. In kuwa ya kwantar da ƙasa da haka, yana iya ɗan ɗaga farashi ya cike kasafinsa, abin da ya tsimin ya zama nasa. Ta haka gadon da babu kowa a kai ya daina zama asara. Mai ciwon sukari da aka bi shi gida aka tabbatar yana shan magani, har bai dawo a galabaice ba, ya zama riba ga asibiti.

Jihar ta yi alkawarin cewa kuɗin asibiti a kan kowane mutum ba zai ƙaru da fiye da kashi 3.58 cikin ɗari a shekara ba, kuma za ta rage wa Medicare dala miliyan 330 cikin shekara 5. Masu binciken da gwamnatin tarayya ta ɗauka su auna shirin sun ba da rahoto a 2019 cewa Medicare ya tsira da kimanin dala miliyan 975, kwantar da tsofaffi kuma ya ragu da kimanin kashi 7 cikin ɗari idan aka kwatanta da yankuna masu kama da jihar. A 2019 aka faɗaɗa yarjejeniyar ta haɗa da kuɗin jinyar da ake yi a wajen asibiti, a 2024 kuma jihar ta sa hannu a kan shiga wani sabon shirin tarayya mai suna AHEAD, wanda aka tsara ya gaji wancan daga 2026.

Ba a rasa masu suka ba, kuma sukarsu tana da tushe. Na farko, wani nazari da aka buga a 2018 bai ga wani tabbataccen sauyi a yawan zuwa asibiti ba a shekaru biyun farko na shirin. Na biyu, farashin da Medicare ya riƙa biya a Meriland ya fi wanda yake biya a sauran jihohi, don haka wani ɓangare na sauƙin da kamfanonin inshorar jihar suka samu daga baitulmalin tarayya ya fito. Na uku, hukumar ba ta da iko a kan kuɗin likitoci, kuma aiki yana iya zamewa zuwa ƙananan cibiyoyin tiyata da kasafin bai shafa ba. Na huɗu, alƙaluman tarayya sun sha nuna cewa Meriland tana cikin jihohin da aka fi daɗewa ana jira a sashen agajin gaggawa, masana kuma suna muhawara a kan ko kasafin yana da hannu a ciki. Tsarin da yake saka wa asibiti a kan rage aiki yana bukatar a sa masa ido sosai, don kada a rage har da aikin da ya wajaba.

Tsaka-tsaki

Jihohi da dama sun nemi wata hanya tsakanin waɗannan biyu. A 2010 ofishin babbar lauyar gwamnatin Masacuset ya binciki takardun yarjejeniyar asibitoci da kamfanonin inshora, ya gano cewa bambancin farashi yana bin ƙarfin asibiti a kasuwa ne, ba ingancin aikinsa ko tsananin ciwon majinyatansa ba. A 2012 jihar ta kafa mizanin cewa kada kuɗin kiwon lafiya ya ƙaru da fiye da kashi 3.6 cikin ɗari a shekara, tare da hukumar da za ta duba duk wata haɗewa da aka shirya. Jihar Oregon ta yi doka a 2017 cewa inshorar ma'aikatanta ba za ta biya manyan asibitoci fiye da ninki biyu na farashin Medicare ba. Ita kanta Kalifoniya, shekara 40 bayan ta saki ciniki, ta kafa ofishin sa ido a kan tsadar jinya a 2022, wanda a 2024 ya sa mizanin ƙarin kashi 3.5 cikin ɗari a shekara, da nufin saukowa zuwa kashi 3 a 2029.

Kammalawa

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, za a ga cewa yawan asibitoci shi kaɗai ba ya nuna inda farashi zai dosa. Abin dubawa shi ne yadda ake biyansu. Da aka riƙa mayar musu abin da suka kashe, sun yi gasar kashewa. Da mai biya ya sami ikon zaɓe, sun yi gasar rangwame, har zuwa lokacin da suka haɗe suka rufe masa ƙofar zaɓen. Da aka ɗaure farashin kwanciya, sun ƙara yawan kwanciya. Da aka ɗaure jimillar kuɗin shekara, sun fara neman hanyar da mutane za su zauna lafiya a gida, tare da haɗarin a tauye wa mai bukata haƙƙinsa. Hanyar Kalifoniya tana aiki ne muddin akwai hukuma mai ƙarfin hana babakere, kuma ba ta da amfani a karkarar da asibiti ɗaya ne tak. Hanyar Meriland kuwa tana bukatar hukuma mai ƙwararrun ma'aikata da sahihan alƙaluma, wadda asibitoci da 'yan siyasa ba za su iya juya ta ba.

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya ta wata fuska. Shirin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 ya aro tsarin kamfanonin da suke shiga tsakanin mai inshora da asibiti, tsarin da ya bunƙasa a Amurka, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya, ta ɗora wa hukumomin jihohi babban kaso na gudanar da ita. Yanayin ƙasashen biyu ya sha bamban, domin a Nijeriya mafi yawan kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, kuma ƙarancin gadaje da likitoci ne ya fi damun jama'a. Amma kowace hukumar jiha da ta zauna yanke shawarar ko za ta biya asibiti a kan kowane aiki, ko a kan kowace kwanciya, ko a kan kowane mutumin da aka yi wa rajista, to tana gaban tambayar da Kalifoniya da Meriland suka shafe shekaru fiye da 40 suna amsawa, kuma irin biyan da ta zaɓa shi zai tsara irin jinyar da mutanenta za su samu.